Fuskar Buhu

Buhun ne ya fara shiga mota, mai buhun yana tsaye a rana. Direba ya so ya cusa shi a but tare da kajin wata tsohuwa, amma Baba Mode, Sarkin Noman Tungar Kyauta, ya ɗaga sandarsa ya ce faufau, buhun da zai ƙetare teku ba ya zama da kaji. Haka aka ɗora shi a kujerar gaba kamar wani alhaji, Malam Rufus kuwa, wanda hotonsa ne a fasfo, ya matse a baya tsakanin mai kaji da wani dillalin tafarnuwa.

Ba wani buhun a zo a gani ba ne. Ɗan madaidaici ne, sabo fil, an ɗinke bakinsa da jan zare, ɗinki na tsanaki. Amma a wurin Malam Rufus abin da ke ciki ya fi duk takardun jakarsa nauyi, domin shi ne shaidar da zai kai gaban Turawa.

Ga yadda abin yake. Rufus mutumin Zuru ne, malamin gona, ya zo ƙasar Wurno da ƙuruciyarsa, lokacin ana ɗokin ruwan madatsar Goronyo, kuma a nan furfura ta same shi. Da idonsa ya ga ranar da ruwa ya fara bin ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonakin Tungar Kyauta, mata na guɗa, tsofaffi na kabbara. Da idonsa kuma ya ga shekarar ambaliya, wadda ta cike kanal ɗin da yashi ta yi tafiyarta. Tun daga nan ruwa ke zuwa gindin wata tsamiya a kwanar gari ya ja birki. Gonakin da ke gaba da tsamiyar, waɗanda a da manyan motoci ke layin kwasar albasarsu, suka koma sai ɗan abin da aka yayyafa musu da jarka. Albasa ta riƙa fitowa kamar ƙwan kurciya. Da an gama kaka samari su ɗaure jaka su tafi ci-rani. An yi musu alkawarin katafila, kuma alkawarin yana nan da ransa da lafiyarsa, katafilar ce dai ba a gani ba.

Ana nan sai wata ƙungiya ta ƙasar Holan ta kira taron manoman rani na ƙasashe daban-daban, aka kuma ce a ƙarshen taron za ta zaɓi wuraren da za ta taimaka a yashe musu hanyoyin ruwa. Da yake Rufus ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta Wurno da Rabah da Goronyo, shi aka ce ya yi gaba ya shirya ɓangarensu na taron, ya tanadi zaure da masu fassara da masauki kafin manya su biyo baya. Ajiye aiki ya matso masa, komawa Zuru ta kusa, kuma abu ɗaya yake roƙon Allah a coci da gida: kafin ya tafi, ya ga ruwa ya wuce tsamiyar nan.

Shi mutum ne da ko a miya ba ya ƙara gishiri. Rahotonsa a ofis a bushe yake zuwa, abin da ya gani shi zai rubuta, ko da shugaba zai ɓata rai. Don haka ya yi tunani irin nasa: hoto ana iya musunsa, amma albasa a tafin hannu ba ta da abokin gardama. Ya sami Baba Mode a zaure ya ce, "Baba, daga gonakin ƙarshe nake so. Mafi muni, wadda ko akuya ta gani sai ta kau da kai."

Baba Mode ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce to. Bayan kasuwar Goronyo ta ci, ya aiko da buhu a ɗinke. Selina, matar Rufus, ta zagaye buhun, ta danna bakinsa da yatsa, ta ce, "Baban Justina, da ka buɗe ka duba." Ya ce haba, dattijo ya ɗinke abu da hannunsa, shi ne zai farke don bincike? Ai zagi ke nan. Ta ce to, ita dai ta faɗa, ta koma ga gugar rigunansa.

Hanyar Achida zuwa Sakkwato ya san ta kamar yunwar cikinsa. Daga filin jirgi ne duniya ta fara yi masa baƙunta. Ƙaramin jirgi ya kai shi Abuja, wani ƙato mai kujeru kamar cocin birni ya ɗauke shi daga can. Da aka karɓe buhun aka ɗora a kan bel mai jan kaya, ya bi shi da kallo har ya shige wani rami, ya tambayi ma'aikaciyar ko akwai iska a inda za a ajiye shi, don albasa ba ta son turnuƙu. Ta ce akwai, ba tare da ta ɗago kai ba.

Sabon takalmin da Selina ta matsa masa ya saya ya fara cizonsa tun jirgi bai tashi ba. Ya cire ya ji daɗin duniya, ya ci abincin da aka kawo a 'yan kwanoni kamar na wasan yara, har da wani ɗan ƙullin mai da ya shanye da cokali, sai daga baya ya ga maƙwabcinsa yana shafa nasa a burodi. Da aka zo sauka a birnin da za a canja jirgi, ƙafa ta kumbura, takalmi ya ce bai san zancen ba. Dole ya take bayansa ya mai da shi silifa. A haka ya yi tafiyar da ta kai daga Wurno zuwa Dinawa, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, yana tsayar da duk mai kayan sarki yana tambaya ko an gaya wa masu kaya cewa buhunsa ma zai canja jirgi.

Da jirgi na uku ya sunkuyo ƙasar Holan ya leƙa taga. Ruwa ne ko'ina, a miƙe, layi-layi kamar an ja da rula, kowane kanal cike har baki, shanu na kiwo a gefe ko kallonsa ba sa yi. Wanda ke kusa da shi ya ce ai mutanen nan babban aikinsu korar ruwa, don ya yi musu yawa. Rufus ya girgiza kai. Bai taɓa sanin ana hassadar ƙasa sukutum ba sai ran nan, kuma ya yi ta, ya nemi gafara.

Wani kare ne ya fara gano buhun, ya zauna a gabansa ya ƙi tashi. Ɗan kwastan da ke riƙe da karen dogon saurayi ne mai fara'a. Ya karanta takardar izinin da masu taro suka aiko, ya bayyana cikin ladabi cewa an yarda a shigo da samfuri, abin da zai cika faranti, bayan an duba lafiyarsa, sauran kuwa ƙonewa za a yi. Rufus ya ce madalla, faranti ɗaya ma ya isa ya sa mai imani kuka. Saurayi ya sa safar hannu, ya yanke jan zaren Baba Mode, ya zura hannu.

Jama'a, abin da ya fito albasa ce kamar kan jariri. Ja wur, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Ya sake zura hannu, ta biyu ta fi ta farko. Rufus ya matso ya ƙura mata ido. Ya san irin wannan albasa. Ba ta taɓa sanin ƙishirwa ba, ta gonakin gindin madatsa ce, irin wadda ake jerawa a kasuwar Goronyo don ta tsayar da dillalan Kudu.

An yi wa buhu fuska.

Duk wanda ya taɓa cinikin albasa a ƙasarmu ya san fuska. Manya a baki, matsakaita a tsakiya, 'yan ƙanana a gindi. Ba mai kiran wannan ha'inci, tunda mai saye ya sani, mai sayarwa kuma ya san ya sani. Mutunci ne kawai, kamar yadda dattijo ba ya shiga kasuwa kai ba hula. Rufus ya yi shekara da shekaru yana ganin ana yi, amma ko a mafarki bai kawo za a yi wa buhun shaida ba.

Ya roƙi saurayin ya zazzage buhun duka, aka zazzage a kan teburin ƙarfe. Godiya ga Allah, ga su nan sun gangaro daga gindi, 'yan tsigi-tsigi, a yamutse, da ƙasar Tungar Kyauta a jikinsu, wasu da baƙin tabo. Saura kaɗan ya rungume su. Ya nuna su ya ce waɗannan yake so. Ɗan kwastan ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya juya ta a gaban fitila, fara'arsa ta ragu.

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai. Waɗannan ba su da lafiya, ba za su shiga ba."

"Ai saboda rashin lafiyar na kawo su."

Saurayin ya ce ya fahimta sarai, har ma ya tausaya, amma shuka mai alamar cuta da ƙasar wata ƙasa ba sa wuce wannan tebur, ko ɗan sarki ne ya kawo. Don ya faranta wa baƙo rai sai ya tsaya ya zaɓo masa mafiya kyau, ya goge su da tsumma, ya sa a leda, ya buga hatimi, ya kuma taya shi murnar irin noman ƙasarsu. Ƙananan aka share su cikin wani bokiti mai murfi. Masu ƙoshin lafiya suka sami shiga, marasa lafiyar da dominsu aka zo asibiti aka mai da su daga ƙofa.

A bakin fita wata doguwar dattijuwa mai farin gashi tana riƙe da allo da sunansa. Ita ce shugabar shirye-shirye. Ta faɗi sunanta, sunan ya ƙi zama a bakin Rufus, don haka a ransa ya sa mata Uwar Taro. Ya ɗauka mota na jira. Ina! Jirgin ƙasa suka shiga, da suka sauka ta ce masauki nan kusa ne, ta ƙwace masa jaka ɗaya ta yi gaba kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Suka wuce gada, suka wuce wata gada, suka wuce kasuwa, shi yana jan takalmi a baya yana haki, ita tana waiwayowa tana ba shi labarin yadda take hutun shekara: takan ɗauki sanda ta taka daga wata ƙasa zuwa wata, don nishaɗi kawai. Rufus ya ce a ransa kowa da irin jarrabawarsa.

Yana shiga ɗaki, kafin ya sha ruwa, ya kira Baba Mode. Sai da suka gaisa tukuna, aka tambayi gajiya da sanyi da mutanen Holan baki ɗaya, aka ce Tungar Kyauta lafiya lau. Sannan ya ce, "Baba, mi ya sa?"

"Malam, buhu ya tahi ƙasar Turawa ba huska? Mi za su ce da mu?"

Rufus ya kwashe labarin tebur da bokiti ya gaya masa. Da tsohon ya sake magana, murya ta yi ƙasa. Ya ce ya bi gonakin garin kaf bai sami ko ɗaya da ta isa zama a bakin buhu ba. Shi ne ranar kasuwa ya ja rawani har ido, ya tafi Goronyo ya saya. Shi, Sarkin Noma, wanda ubansa da kakansa suka mutu ba su taɓa miƙa hannu sun sayi albasa ba. Ko Turai matarsa ba ta sani ba.

"Asirina yana hannunka, Malam. Na san ba ka ƙarya, ban kuma ce ka yi ba. Amma in ka hwaɗa gaban manyan da za su zo, kafin ka sauka jirgi labari ya riga ka isa Wurno. Ka ruhe ni dai."

Rufus ya zauna a bakin gado da leda a cinya. Haushi ya ji, haushi na gaske, amma tausayi ya fi ƙarfinsa. Wannan tsohon ne ya ba shi ɗaki a gidansa lokacin da ya zo baƙo ba ya da ko tabarma, shi ne kuma ya tsaya a bakin asibiti da rago ranar da aka haifi Justina.

Aikin taro dai bai jira kowa ba. Uwar Taro ta riƙa zuwa da sassafe ta kwashe shi, kullum da ƙafa, kullum nan kusa ne: daga zaure zuwa wurin masu buga takardu, daga can zuwa wurin masu abinci, waɗanda ya yi fama da su kafin suka yarda cewa ganye da burodi mai sanyi ba abincin rana ba ne ga mutumin Rabah. Ya gwada na'urar magana, ya jera kujeru, ya sake jerawa don kada wani babba ya zauna bayan wanda ya girme wa. Manyan kuwa suna ta bugo waya daga gida, ba wanda ya tambayi taro, tambayarsu ko masauki na kusa da kantuna.

Duk ɗan sararin da ya samu, neman mummunar albasa yake yi. Ya shiga kanti ya fita kanti, ko'ina albasa kai ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, a wanke, a cikin raga. Da ya tambayi wani mai kanti ko yana da lalatacciya a baya, mutumin ya dube shi kamar ya zage shi. Da ya rasa, sai ya jera nasa a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, ko za su yamutse. Ya tsaya yana kallonsu yana jin kunyar kansa, dattijon coci guda yana ƙoƙarin ƙera shaida don ya faɗi gaskiya. Amma albasar da ta ci ranar Goronyo ta tsira, ɗan ɗumin Turawa me zai yi mata? Sai ma ƙara ja da sheƙi da ta yi. Abin da ya samu kawai shi ne wari, wanda ya cika ɗakin ya fito baranda, har mai shara ta kai ƙara. Dole ya kwashe su ya kai zaure, ya tura can ƙarƙashin tebur ya ja ƙyalle ya rufe.

Hancin Uwar Taro ne ya tono su. Da safiyar ranar taro ya shigo ya tarar da su a kan farantin gilashi a bakin ƙofa, an haska musu fitila, an rubuta sunan Tungar Kyauta a ƙasa. Mutane sun yi dafifi suna ɗaukar hoto. Manyan gida, da suka iso da sababbin jakunkuna, suna tsaye a gefe suna karɓar gaisuwa kamar su suka shuka.

Da lokacinsa ya yi, Rufus ya hau ya yi magana yadda ya saba, ba ƙari ba ragi. Ya nuna hoton kanal cike da yashi, ya nuna tsamiya, ya nuna fangalolin da suka tsattsage, ya nuna mata da jarkoki a ka. Ya ji a jikinsa maganar tana shiga. Sai wani farfesa mai gemu ya miƙe daga baya, da albasa ɗaya a hannunsa, ya ɗauko ta daga farantin. Ya ce yana da tambaya guda: wannan, daga wannan ƙauyen da ba ruwa ta fito?

Rufus ya dubi albasar. Ya dubi layin gaba, inda manyan gida suka miƙe wuya, ɗaya ma ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da katafila: a'a. Ya buɗe baki zai faɗe ta, sai ya hango tsoho da rawani har ido yana raɓe-raɓe a kasuwar Goronyo.

"Daga hannun Sarkin Nomanmu na karɓe ta," in ji shi.

Tafi ya ɓarke. Farfesa ya ɗaga albasar sama ya ce ga abin da duniya ke nema, manoman da ruwa ya yanke musu amma suka gano yadda za su fitar da irin wannan. Rufus ya yi ƙoƙarin cewa a dai duba hotunan, amma tafi ya cinye muryarsa.

Ranar rufe taro aka karanta wuraren da za a yashe wa hanyoyin ruwa. Duk na waɗanda suka zo hannu rabbana ne, ba su kawo komai ba sai kuka. Tungar Kyauta kuwa aka yaba mata yabon da ba a yi wa kowa ba, aka ce ba taimako take buƙata ba, ita ce za ta taimaki duniya, kuma bayan damina Uwar Taro za ta jagoranci tawaga su je su koyi sirrin. Manyan gida suka rungume Rufus. Shi kuwa a jirgin komawa ko abincin 'yan kwanonin bai taɓa ba. Abu ɗaya ya rage masa na jingina: za su zo, kuma ido ba ya buƙatar mai fassara.

Selina ta saurari labarin har ƙarshe tana tsince shinkafa. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai tashi ta ɗauko takalmin, ta juya shi ta ga yadda dunduniyarsa ta mutu, ta ajiye a inda zai riƙa ganinsa kullum.

Damina ta zo ta wuce. Ana cikin yankan gero Uwar Taro ta bugo waya ta ce suna tafe farkon noman rani. Ta ƙara da cewa ta faɗo daga keke, an yi mata aiki a gwiwa, yanzu da sanda take dogarawa, don haka a taimaka kada a sa ta tafiya mai nisa, daga mota zuwa inuwa ya ishe ta. Rufus ya yi mata jaje, ya hau babur ya nufi Tungar Kyauta don ya ja wa Baba Mode kunne: wannan karon a bar komai yadda yake, kada a share ko da kara ɗaya.

Tun daga nesa ya jiyo gangar noma. Labarin baƙi ya riga shi, manyan gida sun baza. Da ya karyo kwana sai ya ga abin da bai taɓa gani ba tun shekarar ambaliya: maza cike da kanal daga gindin tsamiya, tsofaffi da samarin da ya kamata a ce sun ɗaure jakar ci-rani, kowa da shebur ko kwando, yashi na tashi hagu da dama, mata na sauke ƙoren fura a inuwa. Waɗannan mutanen da suka yi shekaru suna cewa aikin ya fi ƙarfin hannu, sai katafila! Ya kashe babur ya riƙe kai.

Baba Mode ya taho yana dogara sanda, fuska cike da annuri. Ya ce ai ba zai yiwu baƙi su taso daga wata duniya su tarar da kanal haka ba, kamar garin ba mutane. Gayya ya kira, a ɗan gyara inda ido zai kai, a saki ruwa ya kwanta a ciki ranar da za su zo. Ya ja Rufus gefe, ya rage murya.

"Malam, kai ka san su. Matar ga, tahiyar ƙasa, ina iyakarta? Don mu san inda za mu tsaya. Ni na ce daga tsamiya zuwa gonar Sale ya isa huska."

Rufus ya dubi gonar Sale, ga ta nan jifa biyu. Ya ɗaga ido ya bi kanal da kallo, yadda ya miƙe a bushe ya lanƙwasa ya sake miƙewa, har can inda gorubai suka zama ƙanana, wajen gonakin ƙarshe. Maganar da ya zo da ita tana bakinsa. Ya haɗiye ta.

"Baba, matar nan da ƙafa ta zagaye birninsu da ni har takalmina ya mutu, Maman Justina na nan da gawarsa in kana son gani. Hutunta ma, daga ƙasa zuwa ƙasa take takawa. Ni dai duk zamana can ban ga ta gaji ba."

Tsohon ya yi salati a hankali. Ya dubi gorubai, ya dubi mutanensa, ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ƙwala wa Atiku kira, babban ɗansa, wanda ya riga ya yi sallamar tafiya Ikko. Ya ce ya kwance jakarsa. Ya ce kuma ya hau babur ya tafi Dinawa, ya biya Achida, ya gaya wa dangi da surukai gayya ba ta ƙare ba, kowa ya zo da shebur. A kuma gaya wa Turai a ƙara gero.

Rufus ya tuɓe takalminsa ya rataye a reshen tsamiya, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi kwando a hannun wani tsoho ya gangara cikin yashi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko a gaban fasto zai maimaita. Zancen gwiwa kuwa, ya bar shi a gindin buhu.